Yadda ake gano tushen kukan da ke fitowa daga bayan mota

Idan mota ta fara wani siririn kuka daga baya, abin da ya kamata direba ya fara tantancewa shi ne abin da kukan yake bi: gudun mota, ko taka totur, ko kuwa yana nan ko da motar tana tsaye. Amsar wannan tambaya ita ce ke raba mutum da sayen kayan da motarsa ba ta buƙata, domin sau da yawa ana sauya boris biyu, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ƙafar mota ke juyawa a kansa, alhali laifin na taya ne.

A fara da mota a tsaye. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, sannan a kasa kunne wajen kujerar baya. A yawancin motocin fetur na zamani famfon mai yana cikin tanki, kuma yakan yi ɗan guna na daƙiƙa 2 zuwa 3 ya yi shiru, wanda hakan lafiya ne. Amma idan an tayar da inji kukan ya ci gaba da ƙarfi, musamman in mai ya yi ƙasa, to famfon ya fara gajiya ko matacinsa ya toshe. Yawo da ɗan mai kaɗan yana rage masa kwana, saboda man ne ke sanyaya shi.

Idan kuwa sai mota ta motsa kukan ke tashi, a nemi shimfiɗaɗɗen titi marar cunkoso, a kashe rediyo, a kai gudun kilomita 50 zuwa 60, sannan a karkata sitiyari a hankali hagu da dama. Lalataccen boris yakan ƙara kuka idan nauyi ya hau kansa, saboda haka idan ƙarar ta ƙaru lokacin da aka karkata hagu, akasari boris ɗin dama ake zargi. Kukan boris ba ya damuwa da totur, gudu kawai yake bi. Taya ma tana yin irin wannan guna, sai dai nata yakan sauya idan an tashi daga kwalta mai santsi zuwa mai kaushi. A shafa tafin hannu a kan tayar, idan aka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, a mayar da tayoyin baya gaba a saurari ko kukan ya bi su.

Wurin da ya fi cancantar natsuwa shi ne aksul ɗin baya, wato akwatin giyar da ke tsakanin ƙafafun baya, a motocin da ƙafafun baya ke turawa, irin su Hilux, Hiace da Peugeot 504. Mai Corolla ko Golf da ƙafafun gaba ke ja ba shi da wannan damuwa. Alamar kukan aksul ita ce yana amsa ƙafar direba: ya tashi idan an taka totur ya lafa idan an saki, ko akasin haka. Na farko yakan nuna haƙoran giyar ciki sun ci, na biyu kuma yakan nuna boris ɗin da ke wajen da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa baya, ta shiga aksul ya saki. Kafin a yarda a kwance komai, a sa bakanike ya buɗe notin zuba mai ya zura yatsa. Man ya kamata ya kai bakin ramin. Idan yatsan ya fito a bushe, ko da baƙin mai mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko da mai fari-fari kamar an dama shi da madara, an samo bakin zaren. Wannan farin yana nufin ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa da damina ga masu kutsawa cikin ruwa mai zurfi. Yawancin irin waɗannan motoci suna shan man giya mai lamba 80W-90 ko makamancinsa, amma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe. Sauya mai yakan hana ɓarna ci gaba, sai dai ba ya mayar da haƙoran da suka riga suka ci.

Daga nan a ɗaga motar da jak, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza, sannan a juya ta da hannu. Idan tana lilo, ko ana jin gurza kamar yashi a ciki, kada a ɗauki doguwar hanya da motar sai an sauya boris ɗin, domin wanda ya ƙone yana iya cije ƙafa ana cikin gudu.