Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebular Orion Daga Legas

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a sararin samaniya. Wadda ta fi sauƙin kamawa ita ce M42 ta cikin taurarin Orion, nisanta kusan tafiyar haske ta shekara 1,350. Daga Disamba zuwa Fabrairu takan hau sama sosai da dare. Nemi taurari uku da suka jeru reras gabas da Kaza da 'Ya'yanta. Kudu da su kaɗan za ka ga wani ɗan dishi-dishi, ita ce.

Kayan aiki: kyamarar da ake cire mata gilashi, zoben T na haɗa ta da madubin hangen nesa, ƙaramin madubi mai faɗin milimita 60 zuwa 80, rimot, da mazauni mai mota da ke bin juyawar sama. In kuɗi ya yi kaɗan, zuba shi a mazaunin. Sama na juyawa digiri 15 a awa, don haka a madubi mai tsawon milimita 400, daƙiƙa biyu ta isa tauraro ya zama zare.

Duba lissafin wata tukuna: daga 25 ga watan Musulunci zuwa 5 ga sabo, lokacin da hasken farin wata ba ya dusashe taurari. Daren da hazon hunturu ya yi kauri, ka haƙura. In da hali, fita wajen Epe ko Badagry, don a Agege ko Obalende fitilu sun wanke sama. Kafa kayan nesa da janareta, girgizarsa na shiga hoto.

Saita mazauni shi ne wahalar Legas. Tauraron arewa, Polaris, da ake dogara da shi wajen saitin, digiri shida da rabi kawai yake sama da ƙasa, gini ko hazo ya rufe shi. Sa ma'aunin karkatar mazaunin a kan digiri 6.5, ka fuskantar da shi arewa da kamfas, sannan ka gyara da manhajar NINA, wadda ke iya saiti da hotunan wurare uku a sama ba sai ta ga Polaris ba. Kada ka yi gaggawa a nan.

Sai fokas. Auna tauraro mai haske, ƙara girmansa a allon kyamara, ka murza har ya koma ɗigo mafi ƙanƙanta.

Sa kyamara a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), ISO (ƙarfin karɓar haske) 800, kowane hoto daƙiƙa 30. Ya wuce haka, hasken gari zai mayar da shi ruwan lemo. Ɗauki kamar 120, wato awa ɗaya, ka ƙara 20 masu daƙiƙa 3 saboda tsakiyar, inda taurari huɗun Trapezium suke, takan ƙone fari fat.

Raɓa ce maƙiyiya. In taurari suka fara kumbura, haska bakin madubin, za ka tarar ya yi gumi. Kada ka goge; ɗaura masa ɗamarar ɗumamawa mai aiki da fawa banki tun farko.

Kafin ka kwance kaya, rufe madubin ka ɗauki hotuna 20 baƙaƙe da saitin nan, su ke cire ƙwarzanen zafin kyamara. Sannan lulluɓe bakinsa da farar riga, haska da allon waya, ɗauki 20 don gyara duhun gefe da tabon ƙura. Tara duka a manhajar haɗa hotuna, Siril ko DeepSkyStacker. Abin da zai fito duhu ne, sai ka ja hasken a hankali har jan launin ya bayyana.