Kurakuran da Sababbin Masana Duwatsu Suka Fi Yi a Aikin Neman Zinariya

Wanda ya karanta ilimin duwatsu a Zariya ko Jos ko Yamai, ranar da ya fara aiki da kamfanin haƙar ma'adinai zai tarar da abin da aji bai shirya shi a kansa ba: akwai mai kuɗi a bayansa, kuma mai kuɗin labari mai daɗi yake son ji. Yawancin kurakuran wannan sana'a daga nan suke tasowa. Ba rashin ilimi ba ne yake kawo su, hanzari ne da son faranta wa maigida rai.

Mafi muni a cikinsu shi ne ɗaukar samfuri da son zuciya. Matashi ya isa bakin rami a wajen Anka ko Maru, masu haƙa su miƙo masa farin dutse da zinariya tana ƙyalli a jikinsa, ya sa a jaka ya kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito da giram 80 na zinariya a kowane tan na dutse, sai ya rubuta cewa arzikin wurin ke nan. Alhali abin da ya auna shi ne dutse mafi kyau da mutane suka tsinto a cikin buhuna da yawa. Irin wannan samfuri yana nuna akwai zinariya a wurin, amma ba ya faɗin yawanta. Gyaran shi ne a yanka layi da kurfi da guduma, a gicciye jijiyar, wato zirin dutsen da ke ɗauke da zinariyar, daga wannan gefe zuwa wancan, faɗi ɗaya zurfi ɗaya, a kwashe duk abin da ya faɗo a kan leda mai tsabta, mai kyau da marar kyau. A haɗa har da dutsen da ke gefen jijiyar, domin ranar da aka zo haƙa ba za a iya zare jijiyar ita kaɗai ba.

Zinariya kuwa tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar ko gwanaye. Ɗakin gwaji yakan narka giram 30 ko 50 ne kawai daga cikin samfurin da aka kai masa. Idan ƙwaya ɗaya mai nauyin miligiram 1, wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba, ta faɗa cikin giram 30 ɗin nan, sakamako zai nuna sama da giram 33 a tan. Idan ta kuskure ta tsaya a ragowar garin, sai ya nuna kusan babu. Dutse ɗaya, amsa biyu. Don haka inda ake ganin zinariya da ido, a ɗauki samfuri mai nauyi, a nemi ɗakin gwaji ya tace garin ya auna tsakin daban, kuma kada a gina lissafi a kan lamba ɗaya da ta yi tsalle sama da 'yan'uwanta.

Daga nan sai amincewa da ɗakin gwaji ido rufe. A cikin kowane samfuri 20 ko makamancin haka, ya kamata a cusa wanda aka san babu komai a cikinsa, da wanda aka riga aka san adadin zinariyarsa, da kuma kwafin wani da aka ba wata lamba daban. Idan marar komai ya dawo da zinariya, an san injin niƙa bai wanku ba. Wannan yana ƙara kuɗi, shi ya sa masu ƙananan kamfanoni suke cewa a bar shi. Ni a ganina gara a rage yawan ramukan da za a huda da a bar wannan.

Haka nan buhunan samfuri ba a barinsu su kwana a inda kowa ke shiga. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu a Busang ta ƙasar Indonesiya, bayan ya yi shelar gano zinariya oza miliyan 70. Ashe barbaɗa zinariya ake yi a cikin samfurin kafin ya isa ɗakin gwaji, kuma ana niƙe dutsen da injin huda ya zaro gaba ɗaya, ba a ajiye rabi don wani ya sake dubawa. Masu hannun jari sun yi asarar biliyoyin daloli. A tsaga dutsen gida biyu a tsaye, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a akwati da lambarsa da zurfinsa. A ɗaure buhu a gabanka, a rubuta wanda ya karɓa daga hannun wa.

Akwai wani kuskuren lissafi da ke ninka arziki a takarda. Idan ramin huda ya ratsa jijiya a karkace, tsawon da aka gani ba shi ne kaurinta ba. Mita 10 da aka ratsa a kusurwar digiri 30 tsakanin ramin da jijiyar kaurin mita 5 ne na gaskiya. A auna inda jijiyar ta dosa da yadda ta kwanta kafin a kafa inji, a kuma faɗi a rahoto ko wane tsawo ake nufi.

Na'urar GPS ma tana da nata. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wato wani tsari na lissafa lambobin wuri, na'urar hannu kuma takan zo a kan wani ma'aunin daban mai suna WGS84, kuma bambancinsu yana kai gomman mitoci. Ya isa a huda rami a gefen jijiya, ko a cikin filin lasisin wani. A rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi a shafin farko na littafin daji.

Sai raina masu haƙar gargajiya. Wasu suna zuwa da hular kwano da takalmin aiki suna kallonsu kamar jahilai, ga shi kuwa mutumin da ya shekara goma a cikin rami ya san inda jijiya ta tsinke, inda ta sake ɓullowa, da zurfin da ruwa ke tarar mutum. A gaishe shi, a zauna a saurara, a sa ramukansa a taswira. Kafin wannan ma a fara da ƙofar hakimi da dagaci da masu gonaki. Takardar da Ofishin Rajistar Ma'adinai ya bayar a Abuja a ƙarƙashin dokar 2007 ba ta ɗauke wa kowa neman yardar masu ƙasa da biyan diyyar amfanin gona ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwada zinariya kaɗai a manta da abin da ke tare da ita. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinariya cike yake da dalma, ƙurarsa ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Masanin duwatsu shi ne mutum na farko da zai iya gane wannan haɗari, domin wanda aka fi sani a cikin ma'adinan dalma ba ya ɓuya: nauyi gare shi, launinsa toka-toka mai sheƙi, shi ne dutsen da ake yin kwalli da shi. Duk samfurin da za a aika, a nemi a gwada dalma da asenik, wani sinadari mai guba, tare da zinariya. Idan sun fito da yawa, a sanar da kamfani a rubuce, a sanar da dagaci da ma'aikatan lafiya na yankin da baki, a ce musu kada a niƙa dutsen nan a cikin gari, kada a shanya garinsa inda ake shanya hatsi, kuma mai aikin rami ya wanke jikinsa ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa.