Kurakuran da aka fi yi a labarin zane na ban tsoro marar magana

Matasan Kano da ke kawo mini zanensu in duba, hannunsu yana da kyau, ban musa ba. Amma da zarar an ce su zana labarin ban tsoro mai shafi shida ko takwas, babu kalma ko ɗaya a ciki, don a haɗa shi da na wasu a littafi guda, sai kowa ya faɗa rami ɗaya. Na gaji da yi wa kowa bayani daban, gara in rubuta.

Mafi muni shi ne rashin sanin inda shafinka zai faɗa. In mutum ya buɗe littafi, shafi biyu yake gani a tare, kuma kafin ya fara na hagu idonsa ya riga ya saci kallon na dama. In ka ajiye fatalwarka a shafin dama, an gan ta tun ba ta iso ba. Wurin abin firgitarwa shi ne shafin hagu, na 2 ko na 4 ko na 6, wanda ba a gani sai an juya takarda. Junji Ito, mai zanen labaran ban tsoro na Japan, ya yi suna da wannan dabarar ta juya takarda.

Wannan ya taɓa cin mini aikin da na sha wahalarsa. Labarin wata mata ne da ke jan ruwa a rijiyar wani tsohon gida a cikin birni, kullum guga na fitowa da gashi. Wanda ya haɗa littafin ya cusa shafin talla ɗaya a gaba bai gaya mini ba, komai ya gusa. Fuskar da na ɓoye a ƙasan rijiya ta fito kusa da matar tun ba ta leƙa ba. Wallahi har yau abin yana min ciwo. Tun daga nan ba na miƙa aiki sai na ninke farar takarda na yi ɗan littafin gwaji, na rubuta "hagu" ko "dama" a bayan kowane shafi, kuma ina zuwa maɗaba'a da ƙafata in ga jerin shafukan kafin a buga. In kuma a waya za a karanta, babu juya takarda, sai ka bar dogon fili baƙi wanda yatsa zai ja kafin abin ya bayyana.

Na biyu, son nuna komai. Haba ƙannena! Jini, hanji, wuƙa a ciki, duk a akwati ɗaya (wato gidan hoto ɗaya a cikin shafi), me kuka bar wa mai karatu? Scott McCloud, masanin labarin zane, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1993: akwati ɗaya mutum ya ɗaga gatari, na gaba gari ne da dare, amma kowa ya san an yi kisa, domin a tazarar da ke tsakanin akwatunan ƙwaƙwalwar mai karatu ta sauke gatarin. Ni ɗabi'ata, in na gama labari sai in cire akwatin da ya fi jini. Kusan kullum labarin ƙara tsoro yake yi.

Sai kwaikwayon dodannin Turawa: mai shan jini da baƙar alkyabba, akwatin gawa, gidan dutse a kan tsauni. Tunda babu rubutun da zai yi bayani, dole ka jingina da abin da mai karatunka ya riga ya sani. Zana ɗan adaidaita ya ɗauki mace da magariba kusa da badala, sannan ka nuna kofato a ƙarƙashin zaninta. Ba Bakanon da zai nemi ƙarin bayani. Tsamiya, kango, lungu bayan an ɗauke wuta, duk muna da su.

Ku kuma tuna da yawanmu da allo muka fara, daga dama zuwa hagu. In babu rubutun boko da zai ja ido, wani zai iya fara layi ta dama. Sa mutanenka su riƙa tafiya da kallo zuwa dama, akwatin farko ya fi girma.

Fuskar jarumi kada ta riƙa sauyawa. Ba shi hula ko tsaga da za a gane shi. Kada ka yi wayon cusa bayani a allon shago ko saƙon waya, wannan ma magana ce.

Baƙi kuwa a yi shi baƙi ƙirin. Frans Masereel a 1919 da Lynd Ward a 1929 sun ba da dogayen labarai ba kalma da hoton da suka sassaƙa a katako, baƙi da fari kawai, shi kuma Thomas Ott na Suwizalan kankare fari yake daga baƙin allo. Inuwar fensir mai toka-toka da kuke so, injin fotokwafi zai dagula ta, WhatsApp ma haka. Kafin ka miƙa, yi fotokwafi ɗaya ka ba ƙaninka, ka kama bakinka, ya ba ka labarin da kansa. Duk inda ya tsaya yana tambaya, wannan akwatin za ka sake zanawa.