Kurakuran da ke sa mai kula da sashen yara ya dawo daga taron laburare hannu rabbana

Ranar da na dawo daga taro na farko da aka taɓa tura ni, wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta fashin zuwa sashenmu ta tare ni tun daga bakin ƙofa: "Malama, mi kunka kawo muna?" Jakar taro ce rataye a kafaɗata, cikinta takardar shaida, da biro biyu, da tulin maƙaloli da har yau ban karanta rabinsu ba. Na laluba, ban samu ko abu ɗaya da zan miƙa mata ba. Kwana huɗu a Abuja, ga wahalar hanya, ga kuɗin hukuma, amma tabarmar yara tana nan yadda na bar ta.

Ba laifin taron ba ne. Ƙungiyar Laburare ta Najeriya, wato NLA, tana nan tun 1962, kuma duk shekara tana babban taro. Akwai ta laburaren makarantu da aka kafa a Ibadan a 1977, akwai AfLIA ta Afirka mai hedikwata a Akara, ita ma IFLA ta duniya tana da sashe na musamman kan yara da matasa. Ilimi yana nan jibge a waɗannan wurare. Yadda muke zuwa ne ke da gyara.

Kuskure na farko, kuma uwar sauran, shi ne tafiya don takardar shaida da alawus. Ba na raina su. Takarda tana amfani ranar ƙarin girma, alawus kuma haƙƙi ne. Amma wanda su kaɗai suka kai shi, da ya sa hannu a rajista ya gama taro, sauran kwanakin na kasuwa ne da ziyarar 'yan uwa. Maganinsa shi ne ka tafi da tambaya guda wadda ta daɗe tana ci maka tuwo a ƙwarya, ka rubuta ta a shafin farko na littafinka. Tawa a karo na biyu ita ce: yaya mutum ɗaya zai karanta wa yara hamsin labari da littafi ɗaya, na baya ba su watse ba? Da ita na zaɓi zaman da zan shiga, da ita kuma na buɗe hira da duk wanda na zauna kusa da shi.

Sai jinkirin neman izini. Takardar gayyata ta iso, a ajiye ta sai saura mako biyu a fara zarya tsakanin ofisoshi, alhali fayil ba ya gudu don kana sauri. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa tun ƙarshen wannan ake tsara shi, to tun lokacin za ka shigar da buƙatarka, kuma sau da yawa rajistar wuri ta fi araha. Abokan aikinmu na Laburaren Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ƙofar TETFund, wadda ke tallafa wa ma'aikatan manyan makarantu zuwa taro. Mu na laburaren jiha da na firamare ba mu cikin wannan, don haka takardarmu dole ta yi magana da kanta. Kada ka rubuta "don ƙaro ilimi" kawai. Rubuta abin da za ka dawo da shi da ranar da za a gan shi. Ka kuma tabbata kuɗin ƙungiya da rajistarka ta LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare da dokar 1995 ta kafa, ba su da gibi. Ga shugabanni kuma, da girmamawa: idan kujera ɗaya ce kullum darakta ke hawa, mai zama da yaran ba ta taɓa zuwa ba, an kai ruwa inda ba shuka. Da yawa daga masu wannan aiki mata ne, ga goyo, ga neman izinin gida, ga nisan hanya daga Sakkwato. Sanarwar wata biyu tana warware abin da ta kwana uku ba ta iyawa.

A wurin taron, mukan ba bikin buɗewa muhimmancin da bai kai ba. A sha ado, a zauna jiran babban baƙo har azahar, a tafa, a gaji. Washegari da aka rarrabu ƙananan ɗakuna don bita, inda ake taɓa littafi da hannu, sai ka ga kujeru wayam. In dole ne ka yi fashin wani abu, yi fashin jawabai.

Kuskuren da ya fi cin mu, mu 'yan Arewa, shi ne manne wa juna. Mota ɗaya, masauki ɗaya, teburi ɗaya, hirar gida ɗaya. Mun yi tafiyar yini guda don mu zauna da mutanen da muke gani kullum. Ƙarƙashin wannan akwai kunya, akwai kuma tsoron kada Turancinmu ya karye gaban jama'a. To ya karye mana. Ba gasar Turanci aka kira ba.

Amsar tambayata ba daga kan mumbari ta zo ba, lokacin shan shayi na same ta. Wata dattijiya daga kudu, da na gaya mata damuwata, sai ta aje kofinta ta zaro wani littafin hotuna daga jaka. Ta buɗe shi ta riƙe kusa da kuncinta, shafukan suna kallona, ita tana karantawa ta gefen ido. Tana juya shi a hankali daga dama zuwa hagu kamar mai nuna wa 'yan kallo atamfa. Da ta zo ƙarshen shafi sai ta sa yatsa ta danne, ta ƙi juyawa, ta tambaye ni me nake jin zai faru. Ni da girmana sai da na ƙagu. Ashe shekara da shekaru ina karatu kaina a sunkuye, littafi yana kallona, yara suna kallon bayansa. Minti biyar ba ta cika ba ta gyara min aikin shekaru. Tun daga nan na ɗora wa kaina dokar cin abinci da baƙin fuska, in karɓi lamba, in rubuta a gefenta abin da muka tattauna, don lamba ba bayani bayan wata ɗaya ba ka san mai ita ba.

Akwai kuma raina abin hannu. Mukan je a matsayin masu karɓa kawai, kamar ba mu da abin faɗa. Mu da muka fito daga garin Nana Asma'u? Kafin rasuwarta a 1864 ta riga ta kafa tsarin 'Yan Taru: jajoji, mata masu ilimi da take naɗawa da malfa, suna ɗaukar waƙoƙin karantarwa su kai wa mata a ƙauyuka. Abin da ake rubuta maƙala a kansa yau da sunan kai laburare ƙofar gida, an yi shi a nan ba mota ba lantarki. Ga gatana da kakanninmu ke yi da dare, ga rubuce-rubucen da ke adane a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Ga wani abu da baƙi ke mamaki in sun ji: yaro ya shigo mana bai iya haɗa baƙaƙen boko ba, amma yana karanta rubutun Larabci tiryan-tiryan daga makarantar allo. Wannan yaron ba jahili ba ne, kuma yadda za a gina karatun boko kan abin da ya riga ya iya, mu ne ya kamata mu yi bayaninsa. Ba sai ka yi digiri na uku ba. Shafi uku na abin da ka gwada, da wanda ya yi da wanda ya ƙi, ya isa ka nemi a ba ka minti goma.

Wajen baje kolin littattafai ido ke yaudara. Na taɓa ƙarar da ɗan abin da aka ba ni kan littattafai masu sheƙi, cike da dusar ƙanƙara da abincin da yaranmu ba su taɓa gani ba, da Turancin da ya fi ƙarfin ɗan aji uku. Kafin damina gam ɗinsu ya saki saboda zafi, shafuka suka bi iska. Yanzu sai na buɗe littafi ta tsakiya na ga ko ɗinki ne ko gam, sai na karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sai kuma na tambayi kowane mai rumfa me yake da shi na Hausa, ko da na san ba shi da shi, don tambayar tana isa kunnen mawallafa. Kuma ba komai ake saya ba. African Storybook daga Afirka ta Kudu da StoryWeaver daga Indiya suna da labaran yara kyauta a intanet, har da na Hausa, kuma lasisinsu ya ba da damar saukewa da bugawa da fassarawa. Akwai manhajar Bloom ta haɗa ƙananan littattafai da harshen gida. In wurin taro yana da intanet, cika wayarka kafin ka taso. Sai dai ka karanta kowace fassara tukuna. Wata Hausar ba ta zauna ba, wata kuma tana son a ɗan juya ta yadda kunnen ɗan Sakkwato zai karɓa.

Kada kuma ka kwaso tsarin wani wuri ɗungurungum. Shirin da ke buƙatar majigi da kwamfuta ashirin zai mutu ranar da aka ɗauke wuta. Lokaci ma haka. Na ji ana yabon zaman labari na yammacin Litinin, na dawo na sa, ba wanda ya zo, don duk suna Islamiyya. Da na mayar da shi Alhamis bayan la'asar, ranar da allo ke hutu, sai tabarma ta yi kaɗan. A watan Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ƙarƙashin dogon yaro ya fi cikin ɗaki.

Bayan dawowa, rahoto yakan shiga fayil ya kwanta. Rubuta shi, haɗa rasitai ka miƙa da wuri don a sake tura ka, amma kada mako biyu su wuce ba ka tara abokan aiki na rabin awa ka nuna musu abu ɗaya da hannu ba. Sannan ka ɗaura shi a kan rana: 2 ga Afrilu ranar littattafan yara ta duniya ce, 23 ga Afrilu ranar littafi, 27 ga Mayu ranar yara a Najeriya, 8 ga Satumba ta yaƙi da jahilci. Ni 27 ga Mayu na zaɓa. Na buga labarai shida a shagon fotokwafi, baƙi da fari, na ɗinke su da zare da allura, yara suka shafa wa hotunan launi da kansu. Yarinyar nan ita ta karanta na farko, littafi a gefen kuncinta, ta danne shafi da yatsa ta ƙi juyawa sai da na baya suka fara ihu.