Yadda ake kula da lafiyar kyanwa a gida ba tare da an cutar da ita da magani ba

Kyanwa dabba ce mai juriya, shi ya sa a gidajenmu ake ganin ba ta buƙatar komai sai ragowar tuwo da ɓeran da ta kama da kanta. Ranar da ta kwanta kuma sai tausayi ya motsa, a ɓallo ƙwayar Panadol a jiƙa a ɗura mata, ko a ga ƙuma a jikinta a shafa mata fiya-fiya. Da yawa daga cikin kyanwoyin da ake kawowa asibitin dabbobi rai a hannun Allah, ba cutar ce ta kai su wannan hali ba, maganin da aka yi musu a gida ne. Ga yadda ake bi da ita tun daga ranar da ta shigo gida, da abin da mai gida zai iya yi da hannunsa, da abin da ake bar wa likita.

Mataki na farko: a bar ta ta sha nono

Yara ne suka fi ɗauko 'yar kyanwa, kuma sun fi son wadda idonta bai daɗe da buɗewa ba. A hana su. A bar ta wurin uwarta har ta kai mako 8, domin a nonon uwa take samun kariyar farko daga cututtuka, a wurinta kuma take koyon lasar jiki da binne kashi. Kafin a ɗauka a duba ido ko akwai kwantsa, a duba hanci ko akwai majina, a ɗaga wutsiya a ga ko zawo ya ɓata wurin. Idan aka ga wani da'ira a fata inda gashi ya zube, a yi hattara, yana iya zama makero, kuma yana kama yara.

In an kawo ta, a ba ta ɗaki ɗaya da kwali da tsumma a ciki, musamman da hunturu, don sanyi yana saurin kayar da ƙanana. Idan akwai wata kyanwar a gidan, a raba su na mako biyu.

Mataki na biyu: a auna nauyinta

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, alhali kowane magani a kansa yake tafiya. Babbar kyanwa ba ta cika wuce kilo 3 zuwa 5 ba, 'yar wata biyu kuwa kilo ɗaya ma da ƙyar. Mutum ya hau sikeli yana riƙe da ita, ya sauke ta ya sake hawa, abin da ya ragu shi ne nauyinta. Ƙarama kuma a sa ta a ƙaramin kwando a ɗora kan sikelin awon kaya. A rubuta a littafi tare da kwanan wata. Littafin nan ne za a riƙa rubuta kowace allura da kowane magani a ciki.

Mataki na uku: maganin tsutsar ciki

'Yan kyanwa kan ɗauki tsutsa tun daga nonon uwa. Alamarta ita ce tumbi ya fito amma jiki a rame, gashi ya yi buzu-buzu, wani lokaci da zawo ko amai. Ana fara ba su magani tun suna mako 3, a maimaita bayan kowane mako biyu har su kai wata biyu, daga nan sau ɗaya a wata har wata shida. Babba kuma duk wata uku, musamman mai farauta, don ɓera da ƙadangare duk suna ɗauke da tsutsa.

Tsutsa iri-iri ce, maganinta ma haka. Pyrantel yana kashe doguwar tsutsa da mai shan jini. Amma idan aka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa manne a gindin wutsiya ko a shimfiɗarta, wannan gaɓoɓin tsutsa mai faɗi ne, sai praziquantel. A sayi maganin a wurin likitan dabbobi, shi zai ƙididdige yawansa da nauyin da aka auna. Kada a gutsuro daga babbar ƙwayar da ake ba tumaki da shanu a ce ai duk maganin tsutsa ne.

Ba ta ƙwaya kuwa sai da dabara. A naɗe ta da tawul ko tsohon zani, kai kaɗai ya rage a waje, wani ya riƙe. A kama kan ta sama da hannu ɗaya, a ɗaga hanci ya kalli rufin ɗaki, haɓar ƙasa za ta ɗan saki da kanta. A danna haɓar da yatsa, a jefa ƙwayar can bayan harshe, a rufe bakin a shafa maƙogwaro a hankali. Idan ta lashi hancinta, yawanci ta haɗiye. A bi da ɗan ruwa ta gefen baki da sirinjin da aka cire wa allura, don kada ƙwayar ta maƙale. A kuma duba ƙasa, akwai gwanayen da ke riƙe ta a baki su tofar bayan an sake su.

Mataki na huɗu: ƙuma

A nan ne aka fi yin ɓarna. Da farko a tabbatar ƙumar ce. A jiƙa farar takarda, a tsayar da kyanwar a kai, a taje gashin bayanta da matajin da ke da ƙananan haƙora. Idan baƙaƙen ɗigo suka zubo suka narke suka koma ja, kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne ya fito. Ƙuma mai yawa tana iya shanye jinin 'yar kyanwa har dasashinta ya yi fari, kuma ita ce ke kawo tsutsa mai faɗin nan idan kyanwa ta haɗiye ta wurin lasar jiki. Don haka ake haɗa maganin biyun lokaci guda.

Abin da ba a yi: ba a shafa mata fiya-fiya ko Sniper, ba a shafa kananzir ko baƙin mai, ba a yi mata wanka da ruwan da ake wanke shanu don kaska. Kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa gashinta, fatarta ma tana tsotsa. Ƙumar za ta mutu, ba shakka, amma garin neman gira za a rasa ido. Haka kuma maganin ƙuma na karnuka wanda ke ɗauke da permethrin, kare yana ɗauka lafiya lau, kyanwa kuwa makyarkyata take yi da farfaɗiya har ta mutu. A karanta jikin kwalba, in babu hoton kyanwa ko sunanta, a ajiye.

Abin da ake yi shi ne a nemi maganin da aka yi don kyanwa, irin masu fipronil ko selamectin, waɗanda ake ɗigawa. A buɗa gashin ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata, ba a kan gashi ba, a bar ta kwana biyu ba wanka. Ana maimaitawa duk wata. Wadda ba ta kai mako 8 ba, a tsaya ga taje ta a riƙa jefa ƙumar cikin ruwan sabulu, sai abin da likita ya ce.

Sai dai ƙumar da ake gani a jikinta kaɗan ce daga cikin abin da ke gidan. Macen ƙuma kan yi ƙwai har kusan 50 a rana, su zube a tabarma, a kafet, a tsagar siminti, su ƙyanƙyashe a can. A wanke tsummanta da ruwan zafi a shanya a rana, a kakkaɓe tabarmi, a share ƙarƙashin gado da bayan kujeru, a ci gaba da haka na wata biyu zuwa uku. Wanda ya yi wa kyanwa magani ya bar ɗaki, bayan mako biyu zai ce maganin jabu ne.

Mataki na biyar: allurar rigakafi

Allura biyu ce. Ta farko haɗin uku ce, tana kare ta daga mura iri biyu da kuma wata muguwar cutar amai da zawo da ke share 'yan kyanwa gida guda cikin kwanaki. Ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako uku ko huɗu har ta kai wajen wata huɗu. Ba kowane asibiti ne ke ajiye ta ba, a tambaya tun da wuri.

Ta biyu ita ce ta ciwon haukan kare, kuma ita ce ba ta da uzuri. Sunan cutar ne ke yaudarar mutane, kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi. Ana yi mata tana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a karɓi katin shaida a adana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ita a duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, wanda shi ne ya fara yi wa mutum rigakafinta a 1885. A wannan lokacin asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i sukan yi gangamin allura, sau da yawa kyauta. A kasa kunne ga rediyo, a kuma gaya wa maƙwabta masu karnukan gadi da na farauta, domin masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin cutar ta daina yawo.

Idan kyanwa ko kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif, a tafi asibiti a ranar. Kada a cusa wani abu a raunin. Dabbar kuma a killace ta kwana goma ana lura da ita, a sanar da likitan dabbobi.

Mataki na shida: abinci

Kyanwa maciyar nama ce, jikinta ba ya iya haɗa wani sinadari da ake kira taurin, sai daga nama take samunsa, rashinsa kuma yana kawo makanta da ciwon zuciya. Tuwo da shinkafa zalla ba sa riƙe ta. Ba sai an sayi abincin gwangwani mai tsada ba: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, zuciya da ƙundun kaza, guntattakin nama daga wurin mahauci, dafaffen ƙwai, a haɗa da 'yar shinkafa. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako ya isa. A cire nata kafin a zuba albasa da tafarnuwa da yaji, don albasa tana fasa ƙwayoyin jininta ko da an dafa. Madarar shanu da kowa ke ɗauka abincinta ne, manya da yawa zawo take sa su. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke, balle da bazara.

Mataki na bakwai: wurin kashi da batun haihuwa

A zuba yashi a tsohuwar roba mai faɗi, a ajiye nesa da kwanon abincinta, a kwashe kullum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, saboda wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa wadda ke iya taɓa ɗan tayi. Ba sai an kori kyanwar ba. A wanke robar da sabulu da ruwan zafi, ban da Izal da Dettol, dukansu guba ne a gare ta.

Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana kuma iya haihuwa sau uku a shekara. Wanda ba shi da inda zai kai 'ya'yan ya yi magana da likita a yi mata aikin tsayar da haihuwa. A ganina wannan ya fi a zuba jarirai a kwali a kai bola. Muzuru kuma fiɗiya tana rage masa yawon dare da faɗa da fitsarin bango.

Ranar da ta kwanta

Farasitamol, ko da sunan Panadol ya zo ko da wani suna, hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Akwai makarinsa, amma sai an kai ta cikin sa'o'in farko. Ibuprofen da diclofenac kuma ƙoda suke lalatawa. Gidan da aka zuba shinkafar ɓera, ko aka barbaɗa Indocid a abinci don ɓera, a kulle kyanwa har a kwashe gubar da mushen duka. Idan ta riga ta ci, a ɗauki kwalin gubar a tafi da shi, likita zai san makarin da zai nema. Kada a tsaya ɗura mata manja ko madara.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba. Tana numfashi baki buɗe. Amai ya ƙi tsayawa, ko zawo da jini. An ɗaga fatar bayan wuyanta an saki ta tsaya cak ba ta koma ba, ruwan jikinta ya ƙare ke nan. Muzuru yana ta tsugunno yana kuka fitsari bai fito ba, wannan mafitsara ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Ko ta yi naƙuda mai ƙarfi sama da rabin sa'a ba ɗa.

A sa ta a kwando mai murfi ko kwalin da aka huda wa ƙofofin iska, a ɗaure da igiya, kada a rungume ta a kan babur. A ɗauki littafinta. Manyan biranen jihohi suna da asibitin dabbobi na gwamnati, sannan akwai asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Wanda ke ƙauye ya nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya karɓi lambar wayarsa tun kyanwar tana lafiya, ya kuma gaya masa nauyinta kafin ya zuƙo kowace allura.