Yadda ake ƙara ƙarfin awon haske a ilektiroforesis na kafilari

Ilektiroforesis na kafilari hanya ce ta raba sinadarai da lantarki a cikin siririn bututun gilashi (kafilari), ana gano su ta hasken da suke shanyewa. Matsalar ita ce siginar awon ba ta da ƙarfi, kuma duk daga sirantar bututun take. A dokar Beer-Lambert, yawan hasken da samfur ke shanyewa yana bin tsawon hanyar da hasken ya ratsa. A kwalbar awo da aka saba, hanyar santimita 1 ce. A kafilari mai faɗin ciki maikiromita 50 kuwa, ta ragu sau 200, kuma da yake bututun zagayayye ne, hasken da ya bi ta gefe bai ma samu cikakkun 50 ɗin ba.

Kafin a sayi komai, a duba tagar, wato wurin da haske ke ratsa bututun. A ƙone rufin foliyimaid na waje, milimita 2 zuwa 3 kacal, sannan a goge da auduga mai metanol har gilashin ya yi tas. Ɗan baƙin toka da ya maƙale, ko shatin yatsa, ya isa ya sa layin tushe, wato layin da na'ura ke zanawa idan babu samfur, ya yi rawa. A daidaita tagar da tsagar na'urar sosai, domin hasken da ya zagaye ta bangon gilashi yana isa ma'auni ba tare da ya taɓa samfur ba, sai ya danne tsinin sakamako, wato tudun da layin ke yi idan sinadari ya wuce taga. Fitilar diyutiriyam, mai ba na'urar haske, kuma a ba ta kamar minti 30 ta yi ɗumi.

Sai zaɓen zangon haske. Yawancin sinadarai, musamman feftaid (gajerun sarƙoƙin furotin), sun fi shan haske tsakanin nanomita 190 da 214. Amma fa sai ruwan bafa, wato ruwan gishirin da ake cika bututun da shi, bai shanye shi ba: fosfet da boret suna barin haske ya wuce a nan, su sitret da HEPES kuwa suna tare shi. A tace bafar da matacin maikiromita 0.2, a kuma fitar da iskar cikinta, don kumfa ɗaya tana fitowa kamar tsini na ƙarya.

Dabarar da ta fi biyan wahala ita ce tattara samfur a cikin bututun. A narkar da shi a ruwa zalla ko a bafar da aka tsinka sau 10. Lantarki ya fi ƙarfi a wannan yanki, don haka ayon, wato ƙwayoyin samfur masu cajin lantarki, suna gudu, da sun iso bakin bafa mai kauri sai su rage sauri su cunkushe wuri guda. Sigina kan ninka kusan sau 10. Idan samfurin na da gishiri da yawa, dabarar ba ta ci sai an rage shi, kuma idan aka zuba fiye da kima, tsinin zai baje.

Idan har yanzu bai isa ba, sai a tsawaita hanyar hasken. Kafilari mai kumburi a wurin taga yana mai da 50 ta zama 150, sigina ya ninka kusan sau 3. Mai lanƙwasar Z yana kai hanyar fiye da milimita 1, sai dai sinadarai biyu da ke bin juna kusa-kusa suna iya haɗewa a cikinsa. Ƙara faɗin bututun gaba ɗaya zuwa maikiromita 75 ko 100 yana taimakawa, amma zafi na ƙaruwa, dole a rage boltej ko kaurin bafa.