Yadda Ake Tattara Tarihin Kamfanin Fim na Iyali

Kamfanonin fim da iyalai suka kafa a Jos, irin waɗanda uba ya fara da kyamara ɗaya, ƙanensa yana riƙe masa fitila, ɗansa kuma ya koyi tace hoto a zaure, yawanci tarihinsu yana cikin kawunan mutum uku ko huɗu ne kawai. Duk wanda ya yi niyyar rubuta shi, to ya fara da waɗannan mutanen tun suna da ƙarfin tunawa.

Ka je wa kowa shi kaɗai, ka nemi izininsa kafin ka kunna rikoda, domin abin da ƙane zai faɗa a bayan idon yayansa ba zai faɗe shi a gabansa ba. Kada ka tsaya kan wanda sunansa ke jikin fosta. Ka shiga cikin gida ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, wa ya ba da kuɗin fim ɗin farko?" Sau da yawa a nan za ka ji cewa adashin wata ne ko sarƙarta ta aure ta tsayar da kamfanin, kuma ita ce ta riƙa dafa wa 'yan lokeshan, wato masu aiki a wurin ɗaukar fim, abinci. A ganina, tarihin da ya tsallake wannan mata bai cika ba.

Sai dai baki yana rikita shekaru, saboda haka ka ɗaure kowane labari da takarda: shaidar rajistar kamfani, rasit, littafin bashin 'yan kasuwa, da takardar amincewa ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993. Idan takarda ta ɓace, ka tambayi dattijo ko abin ya faru ne kafin rikicin Satumban 2001 ko bayan gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002, domin mutanen Jos ba sa mance waɗannan. Kwalin kaset ma hujja ne, tunda a wancan zamani kwalaye furodusa yake sayar wa 'yan kasuwa su kuma su buga kaset ɗin, don haka yawan kwalin da aka buga zai nuna maka yadda fim ya karɓu.

Kaset ɗin kansa shi ya fi bukatar gaggawa. Daminar Jos tana da danshi, kuma idan ka leƙa ta tagar kaset ka ga farin fumfuna kamar an barbaɗa gari a kan zaren, kada ka saka shi a bidiyo, domin zai ɓata kan na'urar, zaren ma yana iya tsinkewa. Ka kai wa wanda ya iya gogewa, a juye shi a kwamfuta, a ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta a Jos take, kuma tana da ma'adanar fina-finai da za ka iya neman shawararta.

Inda 'yan'uwa suka saɓa a kan wanda ya mallaki wani fim, musamman idan akwai maganar gado, ka rubuta abin da kowa ya faɗa da sunansa ba tare da ka yanke hukunci ba, sannan ka karanta wa dukkansu kafin ka fitar.